Zafin Injin Mota Ma Sai An Ba Shi Ƙofar Fita

Na san wasunku da sun ga kan maganar nan za su ce, "Ikon Allah! Yau kuma an bar zancen girki da renon yara an koma gareji?" To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Mu ne mu ke cika motocin haya ran biki da ran suna, mu ne mu ke rungume da jarirai a kujerar baya, kuma a cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa waɗanda su ke tuƙa motocinsu da kansu. Abin da ya shafi lafiyar mota kuwa ya shafi lafiyarmu da ta 'ya'yanmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona, wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. A bazarar da ta wuce, cikin watan Afrilu, muka tashi daga Zariya za mu Kano biki a wata motar haya. Mu bakwai ne, duk mata, ban da goyo, sai direba da wani yaronsa mai koyon tuƙi wanda bai fi shekara goma sha biyar ba. Rana ta take, kwalta har wani ƙyalli ta ke yi. Ni ina zaune a bayan direba, na kuwa lura da wata 'yar allura a cikin agogunan da ke gabansa tana ta hawa, har ta shiga wurin da aka shafa wa ja. Ban san ma'anarta sosai ba, kuma na ji nauyin in yi wa namiji magana a kan sana'arsa, sai na ja bakina na yi shiru.

Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai muka ji wani wari kamar na roba tana ƙuna, sa'an nan tururi ya fara tasowa ta gaban motar. Direba ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya ce da yaron, "Kai, maza buɗe ka zuba mata ruwa, kada mu yi dare." Yaro ya ɗaga bonet, ya sa tsumma ya murɗa murfin lagireto. Kafin ka ce kwabo ruwa ya yi tsiri sama kamar an fasa famfo, ya wanke masa hannu da ƙirji da gefen fuska. Ihun da yaron nan ya yi ba zan manta da shi ba.

Nan fa mata muka rikice. Wata ta kwance kayanta ta ɗauko man ja, wata ta ce a nemo ɗanyen ƙwai, wata tsohuwa ta ce gishiri za a barbaɗa. Allah ya taimake ni na tuna da darasin taimakon gaggawa da aka koya mana a kwalejin horon malamai, na ce, "Don Allah Hajiya ku dakata, ruwan sanyi kaɗai za a zuba." Muka yi ta kwarara masa ruwan jarkar da aka tanada domin motar da ruwan shan da mu ke ɗauke da shi, har Allah ya kawo wani mai mota ya ɗauke shi zuwa asibiti. Ya rayu, amma tabon yana nan. Da na yi magana tun sa'ad da na ga allurar nan, da watakila ba a kai ga haka ba.

INA ZAFIN YA KE FITOWA?

Da muka dawo gida sai na tafi wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa a aikin kanikanci. Na ce, "Kawu, yau ni ce ɗaliba, kai ne malami." Ya yi dariya ya ce, "To Malama, zauna. Ai matambayi ba ya ɓata." Abin da ya koya mini, da abin da na ƙara bincikawa a littattafan kimiyya na makarantarmu, shi ne zan gutsura muku.

Injin mota murhu ne, illa dai wutarsa a rufe ta ke. Fetur ya ke ƙonawa a cikin cikinsa, sau dubbai a kowane minti, ƙarfin wannan ƙuna kuwa shi ya ke juya ƙafafun mota. Amma abin mamaki, ba dukan ƙarfin man ne ya ke zama tafiya ba. In aka kasa shi kashi uku, wajen kashi ɗaya ne kawai, ko ma ƙasa da haka, ya ke tura motar. Wajen kashi ɗaya yana bin hayaƙi ya fita ta salansa. Sauran kashin kuwa zafi ne da ya ke shiga jikin ƙarfen injin, wanda tilas a san yadda za a yi a raba shi da shi. Watau ke nan in maigida ya sha man naira dubu uku, kusan na dubu biyu zafi ya ke zama.

Inji yana son ɗumi, amma daidai wa daida. Yawancin motoci sun fi jin daɗin aiki in ruwan cikinsu yana wajen digiri 90 na ma'aunin Santigirad. In ya yi ƙasa da haka ƙwarai, mota ta riƙa shan mai da yawa, ƙarafan ciki kuma su riƙa cin juna. In ya zarce ƙwarai, baƙin mai ya tsinke ya kasa aikinsa, kan inji ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, daga nan sai a ji an ce inji ya buga. Kowace mai mota ta san wannan kalma ba ta zuwa da kuɗi kaɗan.

RUWA YA ƊAUKO, ISKA TA KWASHE

Ku tuna yadda mu ke yi in yaro yana kuka za a ba shi kunu mai zafi. Mukan juye kunun a faffaɗan kwano, mu sa mafici mu yi ta fifita. To, haka mota ta ke yi. Akwai hanyoyin ruwa a cikin jikin inji. Wani ɗan famfo yana tura ruwan yana zagayawa, ya ɗauko zafi ya kawo shi lagireto, watau wannan abu mai kama da saƙar zuma da ke can gaban mota. A nan ruwan ya ke rarrabuwa cikin 'yan siraran bututu masu yawa, iska ta ratsa tsakaninsu ta kwashe zafin, ruwa ya koma inji da sauƙinsa. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. In tana tsaye ko tana cikin cunkoso, sai fanka ta karɓi aikin mafici.

Ga wurin da mutane da yawa ba su lura ba, shi ne kuma ainihin maganata ta yau. Iskar nan da ta ratsa lagireto ta riga ta zama mai zafi, ta kuma shiga ɗakin inji, inda ta tarar da wani zafin na bututun hayaƙi, wanda ya kan kai digiri ɗari-ɗari har ya yi ja. In ba ta sami hanyar fita ba, sabuwar iska ba za ta iya shigowa ba. Kowace mace da ta taɓa girki da itace a madafin da ba shi da taga ta san wannan. Ko ƙofa a buɗe ta ke, in babu inda hayaƙi zai bi ya fita ta ɗaya gefen, sai ya tsaya ya murtuke, ido ya yi ta hawaye, wutar ma ta ƙi ci. Ɗakin da ke da ƙofar shiga kaɗai ba ya shan iska.

A yawancin motoci masu ƙera su sun shirya iskar ta fita ta ƙarƙashi, ta bayan inji da wajen ƙafafun gaba. Gudun iskar da ke wucewa ta ƙasan mota shi ya ke zuƙo mai zafin ya tafi da ita. Saboda haka robobin nan da ke ƙasan gaban mota, da wanda ya kewaye fanka kamar baki na kwarya, ba ado ba ne. Su ne su ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta zagaye shi. Sau da yawa in an kai mota gyara sai a cire su a jefar, a ce ba su da amfani. 'Yar'uwa, in motarki ce, ki ce a mayar miki da abinki.

Motocin da, na wajen shekarun 1920 da 1930, in kun ga hotunansu za ku ga an tsattsaga gefen bonet ɗinsu kamar haƙarƙari, domin iska mai zafi ta fita. Iyayenmu kuma sun san Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Ita Peugeot da ruwa ta ke sanyaya injinta. Ita kuwa Volkswagen ko ɗigon ruwa ba ta sha, injinta a baya ya ke, fanka ce ta ke zuƙo iska ta 'yan tagogin da ke bayan motar ta hura wa injin, mai zafin ta fita ta ƙasa. Haka yawancin babura da kekuna masu ƙafa uku da ƙananan janaretocin gida su ke, iska ce kaɗai maganin zafinsu. Shi ya sa janareton da aka cusa a lungu aka rufe da buhu ba ya daɗewa.

DABARUN DA BA SU DA AMFANI

Na tambayi Kawu, "To, me ya sa na kan ga wasu direbobi suna tafiya da bonet a ɗan ɗage? Ba domin zafin ya fita ba ne?" Ya girgiza kai ya ce, "'Yar nan, wannan ganganci ne." Da fari dai, bonet ɗin da ba a rufe sosai ba, in mota ta ɗauki gudu iska tana iya fizge shi ya tashi ya rufe gilashin gaba, direba ya rasa ganin hanya. Na biyu, iskar da ta shiga ta wannan kafa ta sama ba ta bi ta lagireto ba, sai ta cika ɗakin inji ta tare wa wadda ya kamata ta ratso hanya. An so a yi gyara an yi ɓarna.

Wasu kuma bayan bonet su ke ɗagawa, wajen gindin gilashi, su cire robar da ke wurin. In mota tana tsaye, gaskiya zafi ya kan fita ta nan, tun da iska mai zafi sama ta ke yi. Amma in tana gudu, iska tana taruwa ta matsu a gindin gilashin, sai ta riƙa kutsawa ciki maimakon fita. Ban da haka, daidai wurin nan ne mota ta ke shaƙar iskar da ta ke hura wa mutanen ciki. In an cire robar, warin mai da hayaƙin inji sai su biyo su iske ki da jaririnki a kujera.

Masu motocin tsere a ƙasashen Turai da Amurka su kan huda tagogi a bisa bonet, amma da lissafi su ke yi. Can gaba su ke hudawa, bayan lagireto kaɗan, inda iskar da ke wucewa ta sama ta ke zuƙo ta ciki. Motar zuwa makaranta da kasuwa ba ta bukatar wannan, kuma in damina ta zo ruwan sama ta nan zai bi ya sauka a kan wayoyin wuta. Motar da ta ke lafiya a da, yau ta fara zafi, ba taga ta rasa ba. Wani abu ne ya lalace, shi za a nema.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai suna tamostat, wanda ya ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi ɗumi, sa'an nan ya buɗe masa hanyar lagireto. Kanikawa da yawa a ƙasar nan su kan cire shi, su ce na ƙasashen sanyi ne, su kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan yana ɓoye ciwo ne kawai. Inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da safe lokacin hunturu, ya ƙara shan mai, ainihin abin da ya kawo zafin kuwa yana nan bai tafi ba. In tamostat ya lalace, sabo za a sa.

ABIN DA ZA KI IYA DUBAWA DA KANKI

Ƙasarmu ƙasar zafi ce. A Sakkwato da Maiduguri, cikin Afrilu, zafin rana ya kan wuce digiri 40, watau iskar da za ta sanyaya inji ita kanta da zafinta ta ke zuwa. Mai hawa tudun Jos kuma, kamar ta Hawan Kibo, injinsa yana aiki da ƙarfi alhali mota ba ta gudu, ga shi a can bisa ruwa ya kan tafasa tun a wajen digiri 96. Saboda haka kulawa ta zama tilas.

Da safe, kafin a ta da mota, sa'ad da inji ya ke da sanyi, ki duba ruwa. Yawancin motocin yanzu suna da 'yar farar robar ruwa a gefe mai layi biyu, ruwan ya tsaya a tsakaninsu. Ki leƙa gaban lagireto ki gani ko leda ta manne, ko ƙaiƙayi da fari da ƙurar hunturu sun toshe shi. Ki duba ƙasa inda mota ta kwana ko akwai ɗigon ruwa. Ki duba tiyo ko ya kumbura ko ya tsage, da fambel ko ya saki. Kada a rataya kaya ko a ɗaura tabarma a gaban mota, don hancinta ke nan.

Game da ruwan da za a zuba, ku dubi cikin butar shayin da aka daɗe ana dafa ruwan rijiya a ciki. Wannan farin dutse da ya kan kama gindinta, shi ya ke kama siraran bututun lagireto har ya toshe su, ga kuma tsatsa. Akwai ruwan lagireto na musamman da a ke sayarwa, kore ko ja, mai hana tsatsa, kuma bai cika saurin tafasa ba. Sai dai ina jan kunnenku ƙwarai: ruwan nan guba ne, yana da zaƙi a baki, launinsa kuma kamar na lemon kwalba. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a ajiye shi inda hannun yaro zai kai. In yaro ya sha, a garzaya asibiti nan take ko da bai nuna alamar ciwo ba.

IN MOTA TA YI ZAFI A HANYA

In kin ga allura ta doshi ja, ko wata jar fitila mai alamar ma'aunin zafi ta kama, ki kashe na'urar sanyaya ɗaki, ki nemi wuri mai kyau ki tsaya. In wurin tsayawa da ɗan nisa, ki sauke gilasai ki kunna na'urar ɗumama ɗaki har ƙarshe. Za ku sha zufa, amma tana janye wani zafin daga inji. Kada ki tsaya a kan busasshiyar ciyawa, domin zafin salansa yana iya tayar da gobara. Ki kashe mota, ki fito da yara su zauna a inuwa nesa da titi. Kada a bar yaro a cikin rufaffiyar mota a rana ko na minti biyar, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

In tururi yana fita, kada a taɓa bonet sai ya lafa. Bayan nan a ɗaga shi a bar shi a buɗe, zafi ya yi sama abinsa. A nan ne buɗe bonet ya ke da amfani, watau a tsaye, ba a guje ba. A kula da hannu da gyale da bakin hijabi, domin fankar motocin yanzu da lantarki ta ke aiki, tana iya tashi da kanta ko an zare makulli.

Sa'an nan babban gargaɗi: kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai an yi aƙalla rabin sa'a, har tiyo ya huce ana iya kama shi da hannu. Dalili kuwa shi ne, murfin nan yana matse ruwan ne yadda ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Muddin yana rufe, ruwan yana kwance. Da an murɗa shi, matsin ya tafi, sai ruwan ya tafasa gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido ya yi tsalle waje. Abin da ya sami yaron nan ke nan. Kuma kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ko a ɗura masa shi a ciki. Kun san abin da ya kan sami kofin gilashi mai zafi in an tsoma shi a ruwan randa. Ƙarfen inji ma ya kan tsage haka nan.

In tsautsayi ya faɗa wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har wajen minti ashirin. A cire zobe da agogo da warwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da fata kada a fizge ta. Ban da man ja, ban da ƙwai, ban da gishiri, ban da man goge baki, kuma kada a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti.

Wani abu guda da ya shafi gida: kada a bar mota tana aiki a cikin rufaffen gareji ko zaure, haka kuma janareto a cikin ɗaki ko kusa da tagar ɗakin kwana. A cikin hayaƙinsu akwai wata iska mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ta ke ɗauke shi.

'Yan'uwana, ba cewa na yi mu ƙwace wa kanikawa sana'arsu ba. Cewa na yi rashin sani ya fi dare duhu, kunyar da za ta jawo asarar rai kuwa ba kunya ba ce. In kina cikin motar haya kika ga allura ta hau, ki ce, "Malam direba, don Allah duba agogonka." In kika ga za a tura yaro ya buɗe murfi mota tana tururi, ki ce a dakata, ko da za a ce kin cika surutu. Gara a isa gidan biki bayan an watse da a kwana a asibiti. Ni dai na yi shiru sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya, ba kuwa zan sake ba. Ku karanta wa maigida wannan, ku karanta wa samarin gida masu ɗokin tuƙi, in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, ya kai mu duk inda za mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.